Hawan Jinin Mai Gadi

Yayana bai taɓa yarda da kowa ba, kuma aikin da aka ɗauke shi yi ke nan. Tun ina 'yar makaranta yake gadin ƙofar wani kamfanin sabulu. Na yi aure, na haihu, har na aurar, yana nan a wannan ɗan ɗakin mai taga ɗaya da benci da fanka mai kuka. Buɗe-Jaka ma'aikata suke kiransa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba domin a wurinsa lambar yabo ce. Idan an tashi aiki yakan tsaya a gefen ƙofa hannu a baya, ba ya kallon fuskar mutum, tafiyarsa yake kallo. Ya ce wanda ya ɗaure sabulu a ƙugu ba ya iya kaɗa hannu yadda ya saba, wanda kuma ya ɗura turare a gorar ruwa gaisuwarsa takan yi yawa. Mai gaskiya, in ji shi, wucewa yake yi rai a ɓace don an tsayar da shi. Mai murmushi shi ake ce wa ya dawo.

Matsalar ita ce idan ya tuɓe kaki ya rataye, halin ba ya tuɓuwa. Kujerarsa a falo tana fuskantar ƙofa. Da ya dawo zai leƙa kicin, ya ga kofuna a bahon wanke-wanke, ya tambayi wa da wa suka zo. Matarsa, wadda yake kira Maman Yara, ni kuma nake kira Anti, ta daɗe da sabawa. Kafin ya tambaya ta zayyano masa, ta ƙara da abin da kowa ya sha.

Ni ce autar gidanmu, kitso ce sana'ata, kuma duk dangi sun san magana ba ta kwana a cikina. Wannan ne ya sa a duk duniya ni kaɗai Yaya yake ɗan sakin jiki da ni. Yakan ce ni ko an tona cikina ba za a samu komai ba. Har yau ban gane ba yabo ne ko zagi, amma na karɓa a matsayin yabo.

Abin ya fara ne lokacin da kamfani ya kafa kamarori a bakin ƙofa, aka kuma kawo wata sanda mai ƙara da ake shafa wa mutum a jiki. Ba wanda ya ce wa Yaya komai. To amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta abin da ba a faɗa ba, ai ba sai an ce masa ba. Ya fara ciwon kai a ƙeya, ƙwannafi ya sa shi a gaba, ƙirjinsa yana ɗaurewa, barci ya yi ƙaura. Wata rana da rana tsaka yana buɗe wa babbar mota ƙofa, jiri ya ɗebe shi, sai da ya rungume ƙarfen ƙofar direban yana ta danna masa hon.

Likitan kamfani ya auna shi ya ce jininsa ya hau sosai. Aka tura shi babban asibiti, aka yi hoton ƙirji, aka yi gwajin zuciya, aka ɗebi jini da fitsari. Duk suka fito lafiya, hawan jinin ne kawai. Aka ba shi ƙwayoyi. Likitan kamfanin kuma ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa zai sake auna shi bayan 'yan watanni, idan jinin bai sauka ba, ba zai sa hannu a bar shi a ƙofa cikin rana da manyan motoci ba. A raba Yaya da ƙofar nan kuwa, gara a raba shi da hannunsa na dama.

Daga nan gidan ya canza, kuma ni na fara lura, ko in ce haka na zata. Idan na yi sallama sai in ji maganar da ake yi ta tsinke. Anti, wadda a da idan Yaya ya ce ɗaya sai ta ce biyu, ta koma "to" da "sannu" da murmushi har kunne. Babban ɗansu, wanda muke kira Injiniya saboda aikin wayar lantarki da yake yi, yana fita da safe da jakar kayan aikinsa, amma ya daina haɗa ido da kowa. 'Yarsu mai aure da take kawo jikan Yaya kowane ƙarshen mako ta ɗauke ƙafa. Waya idan ta yi ƙara, Anti sai ta shige kicin ta tura ƙofa. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, ta ƙara mini abinci. Ni dai na san Anti ta shekara da shekaru tana nacin Yaya ya bar aikin nan ya huta, saboda haka na sa mata ayar tambaya. Ban ji kunyar zargin ba ko kaɗan, ɗan'uwana ne.

Ƙwayoyin yana shan su a kan lokaci, ya bar gishiri, ya bar shayi mai kauri, amma jinin ya kafe a sama. Sai likitan babban asibiti ya ce ya kamata ya ga masaniyar halayyar ɗan Adam da suke da ita a hawa na sama. Anti ta yi caraf ta ce hakan ya yi kyau. Saurin amincewar nan tata ya ƙara mini ƙarfin zargi.

Washegari Yaya ya same ni ina tsaka da kitso, ya kira ni waje. Ya ce shi ya gano shirin. Kamfani ba ya son a ce ya kori tsohon ma'aikaci, shi ya sa aka biyo ta asibiti: a kai shi wurin likitar mahaukata, ta rubuta cewa kansa ya taɓu, shi ke nan an wanke hannu. Ya ce ba zai ƙi zuwa ba, domin ƙin zuwa ma hujja ce a hannunsu. Amma ni zan raka shi, in buɗe ido, in buɗe kunne, bakin kuma in taimaka in rufe. Na ce biyun farko ya sa a ransa an gama.

Ɗakinta yana ƙarshen baranda, kuma ko kusa bai yi kama da ɗakin likita ba. Babu gado, babu allura, babu warin magani. Kujeru ne masu laushi, da ɗan tebur, da kwalin tishu, da wata shuka a tukunya. Wannan ma bai kwanta mini ba, domin a ganina wurin da ba a ga kayan aiki ba, to akwai abin da aka ɓoye. Ita kanta mace ce da ta ɗan manyanta, mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Yaya ya ɗauki kujerar da ta nuna masa ya juya ta ta kalli ƙofa sannan ya zauna. Ta gani, ta jawo tata kujerar ta daidaita da tasa.

Kafin ta yi tambaya ɗaya ya yi mata goma. Wa ya ɗauke ta aiki, ta san manajan kamfaninsu, abin da take rubutawa wa yake karantawa. Ta amsa duka ba ta ji haushi ba. Ta ce ba ta da alaƙa da kamfani, abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa, likitansa ma sai abin da ya yarda ta gaya masa. Ta ce ita ba ta rubuta magani, kuma ba wanda ya ce yana da taɓin hankali. Aikinta shi ne damuwa da abin da take yi wa jiki. Ta yi masa misali da aikinsa: idan mai gadi ya ji motsi a bayan katanga, zuciyarsa takan ƙara gudu, jijiyoyi su ɗaure, ciki ya murɗa, ido ya bushe. Wannan shiri ne mai kyau na ɗan lokaci. Amma idan jiki ya zauna a haka wata da watanni, ba a gano motsin ba kuma ba a ce masa ya huta ba, ƙwaya kaɗai tana wahala kafin ta sauko da jini.

Ni dai maganar ta ɗan shige ni, amma Yaya ko gezau. Da ta fara tambayarsa, sai ya bi dokar da ya rayu a kanta, wato ba a gaya wa baƙo yadda cikin gida yake. Barci? Kamar jariri. Aiki? Sai godiya. Gida? Ba abin da ya fi shi lafiya. Ina gefe ina ta mutsu-mutsu, don a rayuwata ban taɓa jin ƙarya a jere haka na yi shiru ba. Da muka fito ya ce mini amsoshinta sun yi mata sauƙi a baki, haddace su ta yi. Daga ranar ya raɗa mata Likitar Magana.

Ya ci gaba da zuwa, ni kuma ina zama a benci a waje. Ban zauna haka kawai ba. Na ƙulla ƙawance da mai sharar barandar, har na yi mata alkawarin kitso, na bugi cikinta ta kowane gefe. Abin da na samo bai wuce cewa masu ciwon suga da masu gyambon ciki da matan da suka haihu suna zuwa wurin matar ba, kuma ba a taɓa fito da kowa a ɗaure ba. Na kai wa Yaya rahoto, ya ce wanda ya iya aiki ai ba ya barin sawu. Ta koya masa wani numfashi, a ja a hankali ta hanci, a riƙe kaɗan, a saki a hankali. Ya ce tun kafin a haife ta yake numfashi ba wanda ya koya masa. Amma na kama shi yana yi a cikin mota, ya ce hamma ce.

Abin da ya karya shi inji ne. Wata rana ta nemi izininsa ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta juya allon ya kalle shi, ta ce shi zai riƙa dubawa da kansa, ita ba za ta duba ba. Shi ya ba ni labarin a hanyar gida, muryarsa wata iri. Ya ce da ya yi numfashin nan lambobin suka sauka a kan idonsa. Ta tambaye shi kamarorin kamfani, suka ɗan motsa. Sai ta tambaye shi wa yake tarar da shi idan ya dawo gida, ya ce kowa lafiya lau, lambobin suka yi tsalle. Ya ce shi ya sha kama mutum da kaya a ƙugu, ya san idan an kama ka ba a gardama. Da ta ce ko zai yarda a kira iyalinsa su zauna tare, sai ya ce a kira su, dama yana son ya yi tambayarsa a gaban shaida.

Ranar da aka taru, sai da aka ƙaro kujeru daga waje. Anti ta zauna a takure da jakarta a cinya, Injiniya yana kallon takalminsa, 'yar kuma idonta ya faɗa kamar wadda ta yi jinya. Likitar ta ce ba shari'a aka zo ba, kowa zai samu lokacin magana, kuma mai gida ne zai fara.

Yaya ya gyara zama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni aikina sanin wanda ya ɓoye abu. A gidana yanzu kowa da abin da ya ɗaure a jikinsa. Ina shigowa a yi shiru. Matar da ba ta taɓa ƙyale ni ba ta koma lallaɓa ni kamar ƙwai. Ɗana ba ya iya kallon idona. 'Yata ta daina kawo mini jikana. Na ji ana waya a kicin ana ambaton asibiti ana kuka." Ya juya ya kalli Anti. "Maman Yara, na san likita ya ja ki gefe ranar da aka yi gwajin zuciya. Ba na tsoron mutuwa. Ku dai faɗa mini saura nawa, in san ko zan kai ƙarshen shekara a bakin ƙofata. Ba na so in ƙare a kujera ana yi mini murmushi."

Duk watannin nan ina yawo da shi, ina tsammanin aikinsa kawai yake tsoron rasawa, ashe shi da likkafaninsa yake kwana yake tashi. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina.

Anti ta fashe da kuka. Da ƙyar ta iya magana. Ta ce gaskiya ne likita ya ja ta gefe, amma abin da ya ce shi ne zuciyarsa lafiya lau, a dai kula kada a riƙa ɗaga masa hankali. Shi ke nan. Ita kuma ta tara yara ta kafa doka cewa duk wani labari mara daɗi kada ya kai kunnen Baba. Sai abubuwa suka zo a jere kamar jira suke. An rage ma'aikata a wurin su Injiniya har da shi, shi ne yake fita da jaka ya je shagon abokinsa ya wuni. Jikan kuma ciwon haƙarƙari ya kama shi, aka kwantar da shi a asibiti har da ƙarin iska, amma ya warke, yana gida yana ɓarna. Shi ne kukan kicin. Rediyon Yaya ma da aka ce an ara wa maƙwabci, faɗuwa ta yi ta fashe.

Ni a nan raina ya ɓaci. Na ce yaro ya kwanta asibiti, ina kakarsa guda, a rasa mai gaya mini? Anti ta share hawaye ta ce wanda ya gaya mini ai ya gaya wa unguwa. Likitar ma sai da ta gyara tabarau don ta ɓoye dariya.

Yaya bai yi dariya ba. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, irin kallon bakin ƙofa, ya ce wannan duka ne ko akwai saura. Suka rantse. Bai yarda ba. Likitar ta ɗaga waya ta roƙi likitan da ya yi gwajin ya hawo, ya zo da hotunan, ya buɗe su a gabansa, ya nuna masa da yatsa, ya amsa tambayoyinsa har sai da ya ƙare. Ko a nan ma Yaya sai da ya duba sunan da ke jikin hoton ya tabbatar nasa ne.

Bayan likitan ya fita, Likitar Magana ta ce ba wanda ya yi mugunta, ƙauna ce ta bi ta hanyar da ba ta ɓulle ba. Rashin ɗaga wa mutum hankali ba ya nufin a mayar da shi baƙo a gidansa, musamman mutum irin wannan, wanda shiru ya fi faɗa tayar masa da hankali. Ta ce a riƙa gaya masa abu yadda yake, ɗaya bayan ɗaya, a nemi shawararsa, a bar shi ya yi faɗansa idan ya ga dama. Shi kuma ta ce idan ya ga alama ya tambaya, ya daina yanke hukunci shi kaɗai a zuci. Ta juya ga Anti ta tambaye ta yaushe rabonta da barci mai kyau. Anti ta sake fashewa da kuka. Ita ma aka ba ta ranar zuwa.

Daga asibitin kai tsaye muka wuce gidan 'yar. Yaya ya ɗaga jikansa ya juya shi ta ko'ina, ya sa kunne a bayansa, sannan ya wanke kowa tas, har mijin 'yar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Anti ta yi haƙuri ta yi haƙuri, can ta mayar masa, ya ƙara, ta ƙara. Ban taɓa jin daɗin faɗan mata da miji kamar na ranar ba. Injiniya kuwa ya sha tambayoyi har ya gaji, daga ƙarshe uban ya lissafa masa mutanen da zai je ya gani.

Ƙwannafin ya fara lafawa, ciwon kan ya ragu, barci ya fara dawowa. Jinin ma ya fara sauka, amma a hankali, domin abin da aka ɗauki watanni ana tarawa ba ya zubewa a mako biyu. Likitar ta gaya masa haka ƙarara, ba ta yi masa alkawarin komai ba. Ya ce wannan ce magana ta farko da ta yi da bai ji ƙanshin shiri a cikinta ba. Lokacin da kamfani ya ba shi kuwa ya riga ya ƙure.

Ni na raka shi awon. Likitan kamfani ya auna, ya bar shi ya huta, ya sake aunawa. Ya ce an samu ci gaba sosai, ya ci gaba da maganin da kuma zuwa wurin matar nan. Amma bai kai inda zai sa hannu ba, ga kuma jirin da ya taɓa yi a gaban mota. Ba korarsa za a yi ba. Za a mayar da shi ciki, ɗakin ajiye makullai, akwai inuwa, akwai kujera. Yaya ya yi godiya. Da muka zo fita, wani sabon mai gadi ne ya buɗe mana ƙofar, ya sara masa. Yaya ya amsa bai kalle shi ba.

Sai da muka shigo layinsu ya rage tafiya, ya ce, "Auta, kada ki gaya musu tukuna. Maman Yara ba ta daɗe da fara samun barci ba. Zan riƙa fita da kakina kamar kullum."

Na tsaya na kalle shi. Na ce, "Yaya, kai ne da wannan maganar?"

Ya ja numfashin nan nasa a hankali ya saki, wannan karon bai ce hamma ba ce. Muka ƙarasa. Ya tsaya a bakin gidansa ya kasa shiga. Anti ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallonmu. Na cije leɓe har na ji zafi, domin maganar ta riga ta zo mini wuya.

Ya ce, "Maman Yara, sun karɓe ƙofar." Muryarsa ta karye a ƙarshe, hawaye suka zubo masa a gabana, abin da ban gani ba ko ranar da muka rasa mahaifiyarmu.

Anti ba ta yi murmushi ba, ba ta ce masa sannu ba. Ta ajiye ludayin a kan taga, ta zo ta kama hannunsa, ta ce, "Na ji. Abin da ciwo. To shigo ka zauna ka faɗa mini yadda aka yi tun daga farko, kada ka rage komai."